Bashen Kawuna da Cinikin Mota a Hanyar Maijirgi

Ina aji uku a lakkol, a kakar 1982, kawuna ya shigo Maijirgi da motarsa ta farko. Pijo ce 404, irin mai buɗaɗɗen baya da ake rufa wa tanti, wadda muke kira bashe. Tun daga bakin kwalta muka bi ta da gudu har ƙofar gida. Mata suka rangaɗa guɗa daga ciki, liman ya zo ya ɗora hannu a kan murfin inji ya yi addu'a, dattawa suna ta cewa, "Allah ya tsare, Allah ya sa a kashe lafiya." Da yamma, bayan mutane sun watse, na tsaya kusa da ƙofar direba, sai na hango inuwar wani rubutu a ƙarƙashin sabon fenti. Na yi ta haɗa baƙaƙen har na gane sunan wani aikin noma ne na gwamnati. Kawu ya ce haka ne. Gwamnati ce ta fara sayenta sabuwa a gidan kamfani a Yamai, ta yi shekarunta tana yawon karkara, aka yi gwanjonta, wani Alhaji a Maraɗi ya saya yana jigilar kaya zuwa Jibiya, sannan ta faɗo hannunmu. Mu ne hannu na uku.

Abin da ya tuno mini da wannan rubutu shi ne gardamar da ake yi yanzu a Turai da Amurka kan makomar wakilan kamfanonin mota, waɗannan manyan gidaje masu bangon gilashi da ke sayar da sabbin motoci da sunan masu ƙera su. Ana cewa motar lantarki da ciniki ta intanet za su cinye musu kasuwa. Wani zai ce ina ruwan ɗan Maijirgi, wanda gidan kamfani mafi girma yake Yamai, kusan kilomita 800 daga ƙofarsa? Ni dai na ga ruwanmu a ciki, tsundum kuwa. Amma kafin in faɗi dalili, sai na koma baya ga yadda mota ta shigo ƙasar nan da kuma hannuwan da ta bi.

Garinmu a kan hanya yake, tsakanin Tasawa da Damagaram, kuma duk abin da zai wuce gabas sai ya bi ta bakinmu. A Yulin 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta iso nan bayan ta bar ƙauyuka a ƙone a bayanta, kayanta a kan ɗaruruwan mutanen da aka kama da ƙarfi. A nan sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su, kaburburan suna nan har yau. Shekara ashirin da biyar bayan haka, a ƙarshen 1924, motoci takwas na kamfanin Citroën suka biyo wannan hanya. Sun taso daga Colomb-Béchar ta Aljeriya a watan Oktoba, Haardt da Audouin-Dubreuil suna jagora, suka ratsa Sahara, suka bi ta Yamai, suka sauka Tasawa wurin Sarki Barmu, suka ɗauki hotuna da majigi, suka nufi Damagaram da Tabkin Cadi. Kakana yana yaro a lokacin. Ya sha ba mu labari cewa ƙafafun baya na motocin wata sarƙa ce mai naɗe kanta, kuma sawun da ta bari a yashi ya kwana biyu mutane suna zuwa kallo. Duk wannan tafiya talla ce. André Citroën yana so Turawa su ga motarsa ta ƙetare Afirka su saya. Su kuwa kakanninmu, rabonsu a cikin sha'anin mota a wancan zamani shi ne sharar hanya da sare itatuwa a aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946.

Gyaɗa ce ta kawo mota ta zauna. Kantunan Turawa, CFAO da aka kafa a Marseille a 1887, da SCOA, da CNF, su ne ke sayen gyaɗa a Maraɗi da Tasawa da Damagaram, su sayar da atamfa da sukari da kananzir. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, saboda haka can ake kai gyaɗarmu, da farko a bayan raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motoci. A 1953 Faransa ta karkata wani kaso na kayan zuwa Paraku da Kwatano don kada ribar dako ta tafi hannun Ingilishi. Da aka samu mulkin kai, gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962 ta riƙe cinikin gyaɗar, sannan aka kafa kamfanin jigila na ƙasa, SNTN. Alhazan Maraɗi da ake ji da su, da yawansu daga sayen gyaɗa da kuɗin kanti suka tashi, da suka yi ƙarfi kuma suka zuba dukiya a manyan motoci. A bayan ɗaya daga cikin waɗannan motoci kawuna ya fara, karen mota, yana kwana a kan buhuna, yana sa waigi idan an tsaya a kan tudu.

To waɗannan kantuna na gyaɗa su ne kuma wakilan masu ƙera mota. Wakilci yarjejeniya ce: mai ƙera mota ya ba ka ƙasa ko yanki, ya ce ba mai sayar da sabuwar motarsa a nan sai kai. Kai kuma ka ɗau nauyin gina garaji, ka ajiye kayan gyara na asali, ka tura makanikai koyo, kuma idan mota ta samu matsala cikin wa'adin garanti ka gyara ba tare da ka karɓi ko dala ba. Tsari ne mai kyau, ban raina shi ba. Sai dai ba don mu aka yi shi ba. Masu shiga wannan gida su ne gwamnati, musamman a shekarun da yuraniyom na Arlit ya yi kuɗi zamanin Seyni Kountché, da kamfanonin ma'adinai, da ofisoshin jakadanci, da ƙungiyoyin agaji masu fararen kat-kat. Manomi, ko malamin lakkol, ko ɗan tireda, sai dai ya leƙa ta gilashi idan ya je Yamai. CFAO tana nan har gobe tana sayar da Toyota a babban birni, kuma tun 2012 Toyota Tsusho ta Japan ce ta saye mafi yawan hannun jarinta.

Mu namu wakilcin a inuwar bedi yake, kuma mutum uku ne suka riƙe shi: dillali, da makaniki, da mai kayan gyara. Dillalin da ya haɗa kawuna da bashen nan, asalinsa dillalin shanu ne, ya gaji sana'ar wurin ubansa. Da mota ta fara yawa sai ya ɗauko dokokin kasuwar dabbobi ya ɗora mata. A kasuwar shanu aikin dillali ya wuce haɗa mai saye da mai sayarwa. Shi ne shaidar cewa dabbar ba ta sata ba ce, shi ake nema idan ta kwana ta tashi da ciwo. La'adar da yake karɓa kuɗin wannan tsayuwa ne.

Na ga yadda kawu ke duba mota sau da yawa daga baya, don mutane sun riƙa ɗaukarsa ya raka su. Ba ya yarda a nuna masa mota da rana. Sai ya ce a bar ta ta kwana, shi zai zo bayan sallar asuba ya tashe ta da kansa, injin da sanyinsa, don mota mai ciwo da safe take faɗin gaskiya. Zai zura yatsa a bututun hayaƙi ya duba ko baƙin busasshe ne ko mai maiƙo. Zai zaro ma'aunin baƙin mai ya murza tsakanin yatsu biyu, ya sansana. Zai buɗe lagireto ya ga ko akwai kumfar mai a kan ruwan. Zai shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashi yana bin shasi da hannu yana neman tabon walda. Daga ƙarshe ya ɗora tsinin wani dogon ƙarfe a jikin inji, ya kara ɗaya bakin a kunnensa, ya rufe ido. Duk wanda ke wurin shiru yake yi. Idan ya gama, ba farashi yake fara tambaya ba. Sai ya dubi dillali ya ce, "Malam, kai ka tsaya mata?" Dillali ya ce, "Na tsaya mata, maigida. In ta ba ka kunya kafin Sallah ka dawo mini da ita, ni na san inda zan samu Alhaji." Daga nan ne ake shiga taya da albarka, har a kai ga an sallama, a yanke ko la'ada ciki ko la'ada waje, a shafa fatiha.

Abin da ya sa wannan tsari ya yi aiki shi ne Pijo mota ce da kowa ya san cikinta. Kamfanin PAN ya fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, lokacin da man fetur ya cika wa Najeriya aljihu, 504 ta zama motar gwamna, motar ɗan sanda, motar haya. Kayan gyaranta suka cika kasuwannin Kano da Katsina, suka tsallako ta Jibiya da Ɗan Isa, ko ta Kwangwalam zuwa Matamaye. Idan wani ƙarfe ya karye wa kawu a hanyar Gazawa da safe, kafin la'asar ta gobe wani direba ya kawo masa shi a aljihun riga. Abin da ba a samu ba kuma maƙeri ya ƙera. Shekara goma sha ɗaya bashen nan ta yi tana kai hatsi da wake kasuwanni, ta kai mata masu naƙuda likita Tasawa cikin dare ba adadi, ba ta taɓa taka ƙofar gidan kamfani ba tun barinta Yamai.

Sai kuɗi suka lalace. Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, naira ta fara zubewa daga 1986, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, aka wayi gari duk abin da ke zuwa daga waje ya ninka. Sabuwar mota ta ƙara nisa har ga manyan ma'aikata. A nan ne zamanin Beljiyam ya kankama. A birnin Brussels akwai titin Heyvaert, inda ake tara tsofaffin motocin Turai, a loda su a jirgin ruwa a Antwerp, a sauke a Kwatano. A wasu shekarun motocin da ke sauka a wannan tasha sun haura 300,000, alhali Benin ƙaramar ƙasa ce. Kowa ya san inda suke zuwa. A takarda a rubuta cewa wucewa za su yi zuwa Nijar, su ƙetare gadar Malanbil, a biya wa duwan a Gaya, sannan da yawansu su juya kudu ta Ƙonni ko Maraɗi su shige Najeriya. Gidaje da yawa a Maraɗi da wannan hanya aka gina su, samari da yawa kuma da ita suka yi aure, masu tuƙo motocin su mayar da kai a bas su sake ɗauko wasu.

A 2004 na raka ɗan kawuna, wanda ya gaji tuƙi, muka je Kwatano sayen Toyota. Ban taɓa ganin mota da yawa haka ba. Fili ne na yashi gabas da birnin, a hanyar Seme, motoci jere har inda ido ya ƙare, iskar teku mai gishiri tana kaɗa su. Masu shigo da su yawanci Labanawa ne, suna zaune a ƴan rumfunan kwantena, amma ba ka isa wurinsu sai ta hannun ɗan kamasho. Namu Bahaushe ne ɗan Doso da ya shekara goma a can, wanda wani dillalin Maraɗi ya haɗa mu da shi da wasiƙa. Ka ga ke nan ko a bakin teku sarƙar nan ta wa-ya-san-wa ba ta tsinke ba. Kwana huɗu muna zagaye kafin ɗan'uwana ya ga wadda ta kwanta masa. Da muka buɗe akwatin gaban mota sai ga wani ɗan littafi mai bangon roba. Littafin kula da motar ne, da Jamusanci, kowane shafi da hatimin wani gidan wakili guda a wani ƙaramin gari na Jamus, da kwanan wata, da yawan kilomita. Shekara goma sha biyu cur mai motar yana kai ta wuri ɗaya ana juye mata mai, ana sauya mata abin da ya gaji tun bai karye ba. Ɗan kamashon ya buga littafin a tafin hannunsa ya ce, "Wannan ya fi injin tsada."

Tun ranar na fahimci dangantakarmu da waɗancan gidaje masu gilashi. Ba mu taɓa sayen komai a hannunsu ba, amma su ne ke renon motar da za mu hau bayan shekara goma ko goma sha biyar. Ƙoshin lafiyar da take isowa da shi har ta jure ramukan hanyar Mayayi da zafin bazara, a garajinsu aka tara shi. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙirga cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari kuwa Afirka suka zo. Duk abin da ya sauya a kasuwarsu, mu ma zai same mu, sai dai ya makara.

Hanyar Kwatano kanta ta sha duka. Daga Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa, a Agustan 2019 ta rufe iyakokin gaba ɗaya har Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina, ta Dori da Tera, cikin ayari da rakiyar soja, mota ta yi makonni a hanya. Kowane rufi sai ya ƙara wa mota kuɗi, ya kuma rage masu iya zuwa da ƙafarsu su duba.

Wannan giɓi waya ta cike. Yau dillalin Maraɗi ba ya jiran ka zo. Da safe zai zuba hotuna a WhatsApp, gaba da baya da ciki, da ɗan bidiyon inji yana aiki. Akwai samari da ke zaune a ɗaki suna taya motocin da suka yi haɗari a gwanjon Amurka ta intanet, a kawo a gyara. Kuɗi kuma ba a ƙulla su a ɗamara kamar yadda muka yi a 2004, ana tura su ta Nita ko Al Izza cikin minti kaɗan. Alherin wannan ba ƙarami ba ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. Da, dillali kaɗai ya san farashin can da na nan, ya yanka yadda ya so. Yanzu yaro da wayarsa zai gaya maka nawa ake sayar da irin motar a Lome, nawa a Kano. Wahalar hanya ta ragu, ƴan fashi ba sa samun mai ɗamara.

Amma hoto ba ya wari. Wani abokin aikina, malamin lakkol, ya shekara shida yana adashi, ya ga mota a waya wurin wani da bai taɓa gani ido da ido ba, ya tura kuɗi, motar kuwa ta iso, tana ƙyalli. Ya kawo ta gaban kawu don a sa albarka. Tsohon, wanda idonsa ya riga ya yi rauni, ya sa aka buɗe masa ƙofar baya, ya sunkuya ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya sansana, ya shafa ƙusoshin da suka riƙe kujera, ya ji tsatsa. Ya ɗago ya ce, "Ɗana, wannan ta kwana a ruwa. Wa ya tsaya maka?" Malamin ya ce ba kowa, ga dai lambar mutumin. Aka kira, a kashe. Kafin wata uku wayoyin wutar motar suka fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya, yau fitila, gobe gilashi, jibi ta ƙi tashi. Na ga mutumin nan yana kuka a zaure, ba don ƙarfen ba, don shekara shidan. Tun daga lokacin na lura masu hankali sun koma wata hanya: su zaɓa a waya, amma kuɗin sai ta hannun dillalin da aka san gidansa da surukansa. Wayar ta rage masa riba, ba ta kore shi ba.

Motar lantarki kuwa wata magana ce daban, ita ce ke hana ni barci. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa daga 2035 za a daina sayar da sabbin motoci masu hayaƙi, ko da yake suna ta ja-in-ja a kan sassauta ta. A Norway kusan tara cikin goma na sabbin motocin da aka saya a 2024 na batir ne zalla. A Sin kusan rabin sabbin motoci yanzu ana cajinsu da wuta. Habasha ma ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a 2024. Wakilan can suna kuka ne saboda ribarsu ba a sayar da sabuwar mota take da kauri ba, a garaji take, wurin juyen mai da sauya matata da gyaran inji, motar batir kuwa ba ta shan baƙin mai, sassanta masu motsi kaɗan ne. Ga kuma Tesla da ta ƙi ɗaukar wakili ko ɗaya, tana karɓar oda ta intanet, har aka yi ta shari'a da ita a jihohin Amurka da dokarsu ta ce mai ƙera mota ba zai sayar wa mutum kai tsaye ba.

Ban ga alamar motar lantarki za ta cika hanyarmu nan kusa ba. Kuran ɗin wannan yanki ya daɗe yana zuwa daga Katsina ta tashar Gazawa, kuma duk mun tuna yadda Maraɗi da Tasawa suka sha duhu da Najeriya ta yanke wuta a Agustan 2023, sai a 2024 aka mayar. Mai kuma namu ne, matatar SORAZ tana aiki a Damagaram tun Nuwambar 2011, gwamnati ta sauke litar esansi zuwa sefa 499 a 2024. Direban da zai tashi daga Maijirgi zuwa Agadas ba zai bar tanki ya kama soket ba. Sai dai ba mu ke zaɓen abin da ke sauka a tashar jirgin ruwa ba. Abin da suka gama hawa shi muke samu. Ranar da tsofaffin motocin fetur masu littafi suka yi ƙaranci a can, tsofaffin na batir ne za su cika jiragen, Sin ma ta buɗe ƙofar fitar da motocin hannu tun 2019.

A ranar nan duk ilmin kawuna ba zai yi amfani ba. Ba bututun hayaƙi da za a zura wa yatsa, ba mai da za a murza, ba ƙarar da za a saurara da asuba. Rabon kuɗin motar mafi tsoka a batir yake, shi kuma lafiyarsa ba a ganinta da ido, sai an jona kwamfuta, wani lokaci ma sai kwamfutar kamfanin da ya ƙera. Zafi yana tsufar da batir, mu kuwa a watan Afrilu ma'auni kan wuce 40. Makanikin inuwar bedi da ya saba kwance komai da sifana, idan ya taɓa waɗannan wayoyi masu ruwan lemo bai sani ba, ransa ne a bakinsu. Dillali mai gaskiya ma ba zai iya cewa na tsaya mata ba, don bai san abin da zai tsaya wa ba.

Shi ya sa nake ganin abin da ke barazana ga wakili a Turai, a wurinmu buƙatarsa zai ƙara. Dole a samu wani mai adireshi, mai na'urar awo, mai ajiyar batir, wanda zai sa hannu a takarda cewa in ya mutu kafin shekara kaza zai sauya. CFAO ta riga ta hango haka, ta karɓi wakilcin BYD ta Sin a wasu ƙasashen Afirka. Amma idan wakilcin ya sake tsayawa a Yamai bayan gilashi, don masu fararen kat-kat, to mu an bar mu da matattun batura da ba mai karɓa, gubarsu tana tsiyaya a bayan gari inda awaki ke kiwo. Abin da nake fata shi ne ƴaƴan Alhazan Maraɗi, waɗanda kakanninsu suka tashi daga sikelin gyaɗa suka mallaki ayarin motoci, su nemi wakilcin da kansu, su fara da ƙananan abubuwa, babur na kabu-kabu da adaidaita, waɗanda ke yini a cikin gari kuma allon sola zai iya ciyar da su. Rana dai ba ma sayenta. Maƙwabta sun fara: Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ya buɗe tashar cajin mota da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021 lokacin yana shugabantar hukumar motoci ta Najeriya, a Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya riƙa cire injin ƙananan bas yana sa musu batir. Kuma su ɗauki dillalan nan namu aiki, don su ne mutane suka yarda da su, a koya musu karanta na'ura kamar yadda suka koyi karanta haƙoran sa.

Bashen kawu ta daina tafiya a 1993. Injin wani mai niƙa ya saya, ƙofofin suka zama ƙyauren rumbu da na garke, gatarin baya da tayoyinsa maƙeri ya ɗora musu katako ya yi amalanke, har yau jikokin kawu suna ɗebo ruwa da ita. Ɗaya daga cikin jikokin nan, mai gyaran waya da haɗa sola a bakin kasuwa, ya zo bayan Sallar Layya da ta wuce ya durƙusa gaban tsohon ya ce yana so ya tafi Kano koyon aikin batir, akwai wani maigida da ya yarda ya karɓe shi. Kawu ya daɗe bai ce komai ba. Can ya tambaye shi ko maigidan yana da shago tsayayye da ake samunsa kullum, yaron ya ce yana da shi. Ya tambaye shi wa ya san mutumin a nan, yaron ya ambaci wani direban Tasawa. Kawu ya aika aka kira direban, suka yi magana su biyu a zaure har aka kira magariba. Ranar Asabar muka raka yaron bakin kwalta a kan amalanken, da jakarsa da ƙunshin ƙuli-ƙuli, ya shiga wata tsohuwar Hiace mai cin mutum goma sha tara, wadda har yanzu akwai sunan wani mai gyaran famfo na Holan a rubuce a gefenta.